Fim ɗin da za a kalla da yara a gida: yaya ake tantance shi tun kafin a kunna?

Uwar Gida:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina so mu tattauna abin da kusan duk gida mai yara yake fama da shi, wato fim ɗin da uba da uwa da yara za su zauna su kalla tare ba tare da wani ya zabura yana lalubar rimot ba. Jerin sunaye yana tsufa da wuri, kuma abin da ya dace da ɗan shekara 12 ba lallai ya dace da ƙanwarsa 'yar shekara 5 ba, shi ya sa na fi son mu fitar da hanyar tantancewa. Yawancin iyaye abu biyu suke dubawa: in katun ne, ko in an rubuta masa G ko U, wato haruffan da ke nuna fim na kowa da kowa ne, shi ke nan sai a kunna. A ganina duka biyun ba su wadatar ba. Masana, bismillah.

Ɗan Majigi:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Bari a fara sanin me haruffan suke nufi. A Amurka ƙungiyar manyan kamfanonin fim ce ta kafa tsarin da kanta a 1968, babu hannun gwamnati. Yau matakai biyar ne: G na kowa da kowa, PG iyaye su duba tukuna, PG-13 akwai abin da bai dace da 'yan ƙasa da shekara 13 ba, R ɗan ƙasa da 17 sai da babba, NC-17 na manya zalla. A Birtaniya hukumar tantance finafinai ta BBFC, wadda take aiki tun 1912, tana da U, PG, 12A, 12, 15 da 18. Ma'auninsu shi ne U ya dace da ɗan shekara 4 zuwa sama, PG kuma bai kamata ya tayar da hankalin ɗan shekara 8 ba.

Ga tarkon da mutane ba su lura da shi: shekarar da fim ya fito. Kafin 1984 babu PG-13. Duk fim ɗin da ya wuce G amma bai kai R ba, PG ake liƙa masa. Jaws na 1975, wanda kifi yake cinye mutane har da yaro ƙarami, PG ne har gobe. Ƙorafin iyaye kan Gremlins da fim na biyu na Indiana Jones ne ya sa aka ƙirƙiro PG-13 a 1984, kuma su biyun da aka yi ƙorafin a kansu suna nan da PG ɗinsu. To in kun ga PG a tsohon fim, ku ɗauke shi kamar PG-13 har sai kun bincika.

Malamin Firamare:
Haka ne. Batun katun kuma ya fi wannan haɗari, domin katun salo ne na yin fim, kamar yadda rubutu da biro salo ne, ana iya rubuta komai da shi. Grave of the Fireflies na Japan, 1988, zanensa gwanin kyau, amma labarin yara biyu ne da yunwa ta kashe a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu. Babba ma sai ya daure. Watership Down na 1978 labarin zomaye ne, an ba shi U, alhali akwai zomo da tarko ya shaƙe yana aman jini. Sai bayan fiye da shekara 40 hukumar ta ɗaga shi zuwa PG. Akwai kuma katun da aka yi don manya tun asali, masu R, cike da batsa, amma hoton bangonsu launi ne mai haske da fuskoki masu dariya. Yaro da ke zaɓe da ido zai danna.

Hajiya Babba:
Malam, ni damuwata ta wuce nan. Ko da harafin ya yi daidai, da mudun wa aka auna? Masu ba da haruffan nan suna ƙirga jini da ashar da tsiraici ne gwargwadon abin da jama'arsu ta ɗauka laifi. Sumba tsakanin saurayi da budurwa ba ta hana fim samun G. Shigar da ta bayyana jiki a bakin teku ba ta hana. Yaro ya mayar wa ubansa baƙar magana a sa dariya a bayanta, wannan ko ƙirga shi ba a yi. Kuma shi ne wanda yaro ya fi saurin ɗauka. Ɗan shekara 7 ba zai fita ya yi faɗa da dodo ba, amma harara da murguɗa baki da buga ƙofa, gobe da safe za ku gan su a gida.

Don haka kowane gida ya zauna ya rubuta nasa ma'aunin, ko layi biyar ne: soyayya har ina, tufafi, giya da taba, sihiri da abin da ya taɓa aƙida, yadda ake nuna iyaye da malamai. Wani gidan zai ɗauki tatsuniyar aljanu da bokaye a matsayin tatsuniya kawai, wani ba zai yarda ba. Abin da ba shi da kyau shi ne uwa tana hanawa uba yana kunnawa.

Injiniya:
Hajiya ta kawo mu inda aikin yake. Ga yadda ake binciken fim cikin minti goma ba tare da an kalle shi duka ba.

Da farko a rubuta sunan fim da shekararsa a IMDb, shafin intanet da ke tara bayanan finafinai. Shekarar dole ce, saboda finafinai da yawa suna da suna ɗaya, kuma ana sake yin tsoho da sabon salo. A gangara zuwa sashen Parents Guide, wato jagorar iyaye. Kashi biyar ne: tsiraici da jima'i, faɗa da jini, ashar, giya da ƙwaya da taba, sai wuraren ban tsoro. Kowanne an sa masa mataki daga babu, zuwa kaɗan, matsakaici, mai tsanani. Kada a tsaya a matakin, a karanta bayanin da ke ƙasa, domin a nan ake faɗin abin da ya faru a zahiri. Rauninsa shi ne masu kallo ne suke rubutawa, don haka fim ɗin da bai shahara ba za a iya tarar da shafinsa fayau. Shafi fayau yana nufin babu wanda ya rubuta, kada a ɗauke shi shaidar tsabta.

Na biyu Common Sense Media, ƙungiya ce ta Amurka da aka kafa a 2003. Tana ba da shekara takamaimai, kamar 6 ko 9 ko 11, wanda ya fi tazarar G zuwa PG amfani. Na uku Kids-In-Mind, wanda yake ba da lambobi uku daga 0 zuwa 10: tsiraici, faɗa, harshe. Shi ne ya fi kowa ƙididdiga, har sumba ɗaya sai ya rubuta ta. Ga ma'auni irin na Hajiya shi ya fi dacewa. In biyu daga cikin ukun sun yi daidai, an samu hoto.

Tallar fim kuwa ba ta shaida. Minti biyu ne da aka tsince don a sayar da fim ɗin.

Ɗan Majigi:
In ƙara a kan na Injiniya: fim ɗin da babu bayaninsa a ko'ina, a yi masa duban gaggawa. A buɗe shi a manhajar kunna bidiyo ta VLC ko a YouTube, a sa gudu ninki biyu, a cire sauti, a bar rubutun fassara. Fim mai minti 90 zai ƙare a 45. In aka tarar da wurin da bai dace ba, a rubuta mintinsa a takarda, farkonsa da ƙarshensa, misali daga 41:10 zuwa 42:30. Ranar kallo babba ya riƙe rimot ya tsallake tun daƙiƙa 15 kafin a iso. Kuskuren da ake yi shi ne danna gudu gaba, domin hotunan suna bayyana a allo ana wucewa. A ja zuwa mintin da aka rubuta kai tsaye.

Hajiya Babba:
Ɗana, a nan ba mu daidaita ba. Yaro ba wawa ba ne. Da zarar ya ga an tsallake, ka nuna masa inda abin yake, ranar da ba ka nan can zai nufa. Hani ga yaro talla ne. Finafinai sun yi yawa a duniya, wanda sai an yi masa tiyata a bar shi kawai.

Ɗan Majigi:
Hajiya, na yarda da rabin maganar. Amma in aka ce duk mai aibi ɗaya a yar, abin da zai rage wa ɗan shekara 12 na jarirai ne, kuma shi ma zai je ya nemo nasa a wayar aboki inda babu mai tsallake masa komai. Tsakiya ita ce: wuri ɗaya ko biyu gajeru a tsallake, a kuma faɗa wa yaran gaskiya cewa nan akwai abin da ba mu kallo a gidan nan. In ya kai uku, ko kuma shi kansa labarin a kan abin aka gina shi, a ajiye. Sannan fim ɗin da ake tsallakewa kada a bar shi a na'urar da yara ke taɓawa.

Hajiya Babba:
Da wannan sharaɗin na ƙarshe na amince.

Uwar Gida:
To batun tsoro fa? Akwai fim mai tsabta ta kowace fuska amma yaro ya kwana yana firgita.

Malamin Firamare:
Wannan ya danganta da shekaru, kuma masu nazarin yara sun daɗe da gano yadda yake tafiya. Yaro ɗan ƙasa da 7 ko 8 siffa ce take ba shi tsoro: mummunar fuska, jajayen idanu, murya mai kauri, musamman mutum ya rikiɗa ya koma wani abu. Ko halittar mai kirki ce a labarin, in dai kamanninta da muni, zai ji tsoro. Ka ce masa ai ba gaske ba ne, ba ya shiga, domin bai gama raba gaske da ƙage ba. Abin da ke aiki shi ne a ɗauke shi a cinya, a rage sauti, a kunna fitila, ko a tsayar. Daga 8 zuwa 12 kuma abin ya juya. Dodo ya daina damunsa, abin da zai iya faruwa da gaske ne yake hana shi barci: satar yara, gobara, haɗarin mota, mutuwar uwa. Shi wannan bayani yake so, a gaya masa abin da ake yi don kare kai.

Mutuwar iyaye tana da yawa a finafinan yara fiye da yadda ake zato. Bambi na 1942 an harbe uwar, The Lion King na 1994 uban ya mutu ɗan yana gani, duka biyun kuma G ne. Ban ce a hana ba. Yaro ya fara sanin rashi yana jingine da mahaifiyarsa ya fi ya sani shi kaɗai. Amma a sanar da shi tun kafin a fara cewa akwai wurin baƙin ciki, kuma gidan da aka yi rashi kwanan nan a jinkirta irin wannan.

Anti Nas:
Bari in shigo ta ɓangaren lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya a shawararta ta 2019 ta ce ɗan ƙasa da shekara 2 kada a zaunar da shi gaban allo, daga 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini, in ya gaza haka ma ya fi. Yawancin finafinan yara minti 80 ne zuwa 100. Ke nan ga ɗan shekara 4 fim ɗaya na kwana biyu ne. A nemi inda labari ya lafa wajen minti na 40 a tsaya, kada a yanke ana tsakiyar gudu, nan ne kuka yake ɓarkewa. A kuma gama aƙalla awa ɗaya kafin barci.

Abu na biyu walƙiyar haske. A Disamba 1997 wani kashi na Pokémon ya sa an kai yara 685 asibiti a Japan saboda ja da shuɗi da suka riƙa walƙiya da sauri. A 2018 ma sai da aka liƙa gargaɗi a gidajen sinima kan Incredibles 2. Wanda ke da farfaɗiya a gida, a duba wannan gargaɗin kafin komai. Ga kowa kuma, kada a kalla cikin duhu ƙirin, a bar ƙaramar fitila a gefe ko bayan talabijin, yara su ja baya daga allo. In na kunne za a sa wa yaro, a nemi mai taƙaita ƙara, kada a wuce rabin ma'aunin sauti.

Injiniya:
Saura kulle ƙofa, domin sau da yawa fim ɗin da aka zaɓa lafiya yake, abin da ya biyo bayansa ne matsala.

A Netflix asusu ɗaya yana ɗaukar fuska biyar, wato profile, shafin da kowane mai kallo yake shiga da sunansa. A buɗe wa yara tasu, a sa mata iyakar shekaru. Inda ake faɗuwa shi ne a yi wannan a bar fuskar manya a buɗe, yaro ya koma baya ya danna ta baba. Fuskokin manya ake sa wa lambar sirri mai lamba huɗu, kowacce. A kashe abu biyu: kunna kashi na gaba da kansa, da kunna talla da kanta yayin da ake zaɓe. Akwai kuma gurbin da ake rubuta sunan fim a toshe shi gaba ɗaya daga fuskar yaro ko da shekarunsa sun ba shi dama, a nan ma'aunin Hajiya zai yi aiki. Disney+ ma yana da lambar sirri da iyakar shekaru.

YouTube ya fi wuya. YouTube Kids yana da matakai uku: 4 zuwa ƙasa, 5 zuwa 8, 9 zuwa 12. Amma na'ura ce take yawancin tacewar, kuma a 2017 an bankaɗo tarin bidiyoyi da aka yi da sanannun jaruman katun suna aikata ƙazanta, wasu sun tsallake tacewar. Saitin da na yarda da shi shi ne na huɗu, wanda yaro ba ya ganin komai sai tashoshin da iyaye suka zaɓa da hannu, kuma akwatin bincike yana rufe. A babban YouTube kuwa, Restricted Mode, saitin da ke ɓoye bidiyoyin manya, na kowace na'ura daban ne. Kunna shi a waya bai kunna shi a talabijin ba.

Shafukan da ke ba da fim na sata kada a kusance su da yara. Bayan haƙƙin masu fim, tallace-tallacen da ke faɗowa a kansu na batsa ne da caca, kuma sunan fayil ba ya tabbatar da abin da ke ciki.

Uwar Gida:
Injiniya, wanda intanet ɗinsa ba shi da ƙarfi fa?

Injiniya:
Shi ne ma ya fi samun sauƙin tsaro, Hajiya. A sauke fim tun da rana a cikin manhajar, lokacin kallo a kashe data, babu talla babu abin da zai biyo baya. Matsakaicin hoto yana cin kusan giga 1 a awa, HD har giga 3, 4K har 7. A waya ko ƙaramin allo matsakaici ya isa.

Mai amfani da filashi a talabijin ya ware guda ta yara kaɗai, kada a haɗa da ta manya. Matsaloli uku ne ke yawan tasowa. In fayil ya ƙi shiga filashi alhali da wuri, an tsara ta da FAT32 ne, wanda ba ya karɓar fayil da ya wuce giga 4, sai a mayar da ita exFAT ko NTFS gwargwadon wanda talabijin ɗin yake karantawa, bayan an kwashe abin da ke ciki domin tsarawa tana goge komai. In hoto ya fito babu sauti, galibi sautin DTS ne talabijin bai iya ba. In sauti ya fito babu hoto, galibi tsarin bidiyo na H.265 ne tsohon talabijin bai iya ba. Maganin biyun ɗaya ne: a juya fayil ɗin da manhajar kwamfuta ta HandBrake zuwa MP4 mai H.264 da sautin AAC. Rubutun fassara kuma sai sunan fayil ɗinsa na srt ya zama daidai da na fim ɗin harafi da harafi, suna cikin jaka ɗaya.

Ɗan Majigi:
Akwai matsalar sauti da ke firgita ƙananan yara ba gaira ba dalili. Ana haɗa sautin fim don lasifika shida, magana tana fitowa ta tsakiya. Talabijin mai lasifika biyu in ya matse su, magana ta yi ƙasa, sai a ƙara murya, da an zo wurin tsawa ko fashewa ɗaki ya ɗauka. A shiga saitin sauti a zaɓi sitiriyo mai lasifika biyu maimakon 5.1 mai shida, a kunna yanayin dare ko daidaita ƙara in akwai.

Uwar Gida:
Madalla. Saura gida mai yara daga 4 zuwa 13, allo ɗaya. Da wa za a auna?

Malamin Firamare:
Da ƙaramin, kullum. Babban a ba shi nasa lokacin bayan ƙananan sun kwanta, hakan ma yana sa ya ji an girmama shi. Don kada ya gundura a kallon tare, a nemi nau'in da ba ya dogara da magana. Shaun the Sheep Movie na 2015 minti 85 ne babu zance ko ɗaya, don haka babu ashar, babu buƙatar fassara, kaka da jika duk suna bi. Ga waɗanda suka iya karatu da sauri, wajen shekara 8 zuwa sama, Children of Heaven na Iran, 1997, labarin wa da ƙanwa ne da suke karɓa-karɓa da takalmi ɗaya don zuwa makaranta. Babu dodo babu faɗa, amma sai an karanta rubutu, kuma ƙaramin da bai iya ba zai tashi ya fara yawo a minti goma.

Finafinan namun daji ana ɗaukarsu marasa matsala, amma a duba su ma. Akwai farauta da jini, akwai barbara, akwai 'ya'yan dabbobi da ke mutuwa. March of the Penguins na 2005 G ne, kuma an nuna ƙwai da 'yan tsaki da sanyi ya kashe. Wasan barkwanci na faɗuwa da duka kuwa, 'yan ƙasa da 6 suna gwadawa a kan ƙannensu, sai an faɗa musu a fili cewa wannan ba a yi.

Hanyar da ke rage gardama: iyaye su tantance uku, yara su zaɓi ɗaya a ciki, a riƙa juyawa wanda zai zaɓa.

Hajiya Babba:
Kuma babba ya zauna ya kalla da gaske, ya ajiye waya. In yaro ya yi tambaya a tsayar a amsa. Bayan an gama tambaya ɗaya ta isa, kamar "da kai ne a wurin yaron nan me za ka yi?" In aka mayar da shi wa'azi, mako mai zuwa ba za su zo ba.

Anti Nas:
Tambaya ga Ɗan Majigi: in an tantance na ɗaya aka ga lafiya, na biyu da na uku sai an sake?

Ɗan Majigi:
Sai an sake, Anti, kowanne da kansa. Jerin finafinai yana girma tare da masu kallonsa na farko. Harry Potter na 2001 PG ne, na huɗu da ya fito a 2005 ya koma PG-13. Waɗanda suka bi shi a sinima shekara huɗu suka ƙara a tsakani, yaron da ke gida kuwa zai iya cinye huɗun a mako guda yana nan ɗan shekara 7. Haka shirye-shirye masu zango-zango: dandamali yakan sa wa shirin harafi ɗaya, amma zango na uku ba lallai ya yi kama da na farko ba. Sannan a duba wane kwafi ne a hannu. In an rubuta Unrated ko Extended ko Director's Cut a jikin sunan, an mayar da wuraren da aka yanke, kuma harafin da kuka gani a bincike na kwafin sinima ne. Hanyar ganewa mai sauƙi ita ce a gwada tsawon fayil da tsawon da IMDb ya rubuta. In naku ya fi da minti biyar ko goma, wani kwafi ne daban, sai an sake dubawa.